Uku Cikin Dubu: Auna Kwanciyar Hankalin Masu Cuta Mai Karya Garkuwar Jiki a Ƙasar Gumel

Tsakure

Wannan takarda ta dubi ma'aunan da ake gane halin zuciyar masu ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki da su, ta aza su a kan rayuwar mutanen Gagarawa Tasha da sauran garuruwan masarautar Gumel. Matsayinta shi ne, inda cutar ba ta da yawa, ɓoye ta ya fi jinyarta nauyi, kuma ma'aunan da ke hannu ba su cika kama wannan nauyi ba. Ta kawo hanyar gina gajeren ma'auni daga bakin waɗanda abin ya shafa, da sharuɗɗan da ya wajaba a cika kafin a yi wa kowa tambaya.

Gabatarwa

A watan Maris na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da sakamakon binciken NAIIS, wanda ma'aikata suka bi gida-gida a 2018 suna ɗibar jini a kowace jiha ta Nijeriya. Alƙaluman sun sauko ƙasa da yadda aka daɗe ana zato. Kashi 1.4 cikin ɗari na 'yan shekara 15 zuwa 49 ne ke ɗauke da ƙwayar cutar, jimillar masu ita a ƙasar kuma kimanin mutum miliyan 1.9. Shiyyar Kudu maso Kudu ce kan gaba da kashi 3.1, Arewa maso Yamma ta zo ta ƙarshe da kashi 0.6. A jerin jihohi kuwa Jigawa da Katsina ne a can ƙasa, kowacce da kashi 0.3.

Abin godiya ne ga jihar, babu ko shakka. Sai dai kashi 0.3 na nufin mutum uku a cikin kowane dubu, kuma wannan lissafi yana da fuskar da ba ta fitowa a rahoto. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Gagarawa mutum kusan 80,000, ƙananan hukumomi huɗu na masarautar Gumel kuma, wato Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, kusan rabin miliyan. Idan aka watsa uku cikin dubu a kan ƙauyuka da rugage da unguwannin wannan ƙasa, matar da ke shan magani a Gagarawa Tasha tana iya shekara goma ba ta san wata mai irin lalurarta ba, ko da suna ɗiban ruwa a famfo ɗaya. Inda cutar ta yi yawa, mutane sun ga wanda ya kwanta ya tashi, ya murmure, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya lafiyayyu. Inda ta yi ƙaranci, hoton da ya saura a zukata shi ne na shekarun 1990: rama, zawo, tari, sai makara. Ga shi waɗanda za su iya goge wannan hoto da jikinsu su ne suka fi kowa ɓuya.

Ƙasar kuma ta masu kai-komo ce tun asali. Gagarawa Tasha ta samu sunanta ne daga layin dogon Kano zuwa Nguru, wanda ya isa Nguru a 1930. Kasuwar Maigatari tana ci kowace Alhamis, fatake da dillalan dabbobi suna gangarowa daga Damagaram da bayanta. Da an gama girbin gero da riɗi da zoɓorodo, samari da magidanta su kama hanyar cin rani. An rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024, kuma kowace rufewa sai da ta taɓa aljihun masu ci daga kasuwar. Duk ma'aunin da za a kawo nan zai tarar da mutanen da halinsu ke sauyawa da yanayin shekara da na kasuwa.

Jini ya yi kyau

An fara ba da rahoton cutar a Nijeriya a 1986. Gwamnatin tarayya ta soma shirin rabon magani a 2002, ta mai da shi kyauta a 2006, sannan daga 2016 aka koma tsarin ɗora mutum a kan magani da zarar an gano yana da ƙwayar. Yau yawanci ƙwaya ɗaya ake sha a rana, haɗin da ke ɗauke da dolutegravir, kuma ana ba mutum na wata uku ko shida a tafi ɗaya. Idan awo ya nuna ƙwayar cutar ta yi ƙasa da 1,000 a kowace mililita ta jini, sai a ce magani ya danne ta. Idan ta yi ƙasa da 200, mutum ba ya sa wa abokin zamansa ta hanyar kwanciyar aure.

A 2014 hukumar UNAIDS ta kafa manufar 90-90-90: a gano kashi 90 na masu cutar, a ɗora kashi 90 na waɗanda aka gano a kan magani, a danne ƙwayar a jinin kashi 90 na masu sha. Duka ukun awo ne na jini da na rajista. A 2016 Jeffrey Lazarus da abokan aikinsa suka nemi a ƙara casa'in ta huɗu, wato kashi 90 na waɗanda jininsu ya yi kyau su kasance suna jin daɗin rayuwarsu. Wannan ta huɗun ce babu injin da ke karanta ta.

Ba kuma ƙawa ba ce. Nazarin da Ciesla da Roberts suka buga a 2001, wanda ya tattara bincike da dama, ya nuna masu ɗauke da ƙwayar sun kusan ninka sauran mutane wajen kamuwa da ciwon damuwa mai tsanani. Wani irinsa na Gonzalez da abokansa a 2011 ya tabbatar da cewa damuwa tana tafiya tare da tsallake shan magani. Wanda zuciyarsa ta karaya yakan bar ƙwaya, barin ƙwaya ya dawo da ciwo, ciwo ya ƙara karya zuciya. Likitan da ke kallon jini kaɗai sai abu ya yi nisa yake gani.

Ma'aunan da ke hannu

Huɗu ne suka fi yawo a binciken da ake yi a asibitocin Nijeriya. Akwai PHQ-9, tambaya tara a kan alamomin damuwa cikin mako biyu da suka wuce, wanda Kroenke da Spitzer da Williams suka fitar a Amurka a 2001. Kowace amsa tana da maki daga 0 zuwa 3, jimilla 27, kuma daga 10 ake fara zargin ciwo. Akwai WHOQOL-HIV BREF na Hukumar Lafiya ta Duniya, tambaya 31 a fanni shida, daga lafiyar jiki har zuwa imani da tsoron mutuwa. Akwai ma'aunin tsangwama na Barbara Berger, shi ma na 2001, mai tambaya 40. Sai MSPSS na Zimet, na 1988, tambaya 12 a kan tallafin da mutum ke ji yana samu daga iyali, abokai, da wani mutum na musamman.

Aiki ne na masana, an kuma gwada su a wurare da yawa. A Nijeriya ma Abiodun Adewuya da abokansa sun gwada PHQ-9 a 2006, suka samu yana aiki. Amma a kan ɗaliban jami'a suka gwada shi, masu riƙe biro su cike takarda da kansu. Ga yadda abin kan kasance idan takardar ta iso ɗakin rabon magani a karkara, misalin da duk ma'aikacin lafiya na yankin zai gane. Dattijuwa ta zo karɓar na wata uku, ma'aikaciya sa'ar 'yarta ta buɗe fayil.

"Sannu Inna, yaya ƙarfin jiki?"

"Da sauƙi, 'yar nan. Mun gode Allah."

"Inna, a mako biyun nan da suka wuce, kin ji ranki ya ɓaci, ko kin ji kin fid da rai?"

"Subhanallahi! Musulmi ya fid da rai da rahamar Ubangiji? A'a, sai godiya."

Ma'aikaciya ta rubuta sifili. Dattijuwar ba ta yi ƙarya ba, ta amsa tambayar da ta ji ne, wato tambaya a kan imaninta, a ɗakin da labule kawai ya raba ta da masu jiran layi. Da an tambaye ta rabonta da zuwa suna ko biki, ko da wa take cin tuwo a kwano ɗaya, ko sau nawa kiran assalatu ke riskarta ido biyu tana tunani, da an ji wani labarin.

Kuskuren yakan juya ta ɗaya gefen ma. Uku daga tambayoyin PHQ-9 a kan barci ne da gajiya da cin abinci. A watan Yuli da Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, noma ya kankama, zazzaɓin cizon sauro ya cika gidaje, manomi mai ƙarfin zuciya zai iya tara maki tara daga waɗannan uku kaɗai, saura ɗaya a rubuta shi cikin masu ciwon damuwa. Shi kansa maganin yana da hannu: efavirenz, wanda aka daɗe ana bayarwa kafin a koma dolutegravir, an san shi da sa jiri da munanan mafarkai, sabon ma yakan hana wasu barci. Wata tambayar kuma tana auna natsuwa da misalin karanta jarida ko kallon talabijin. Nazarin da Charlotte Bernard da abokanta suka buga a 2017 a kan Afirka kudu da Sahara ya samu yawan masu damuwa a cikin masu cutar yana kaiwa daga kashi 9 zuwa 32, gwargwadon ma'aunin da aka ɗauka da rukunin da aka auna. Kamar hatsi ne da aka auna da mudun kasuwanni daban-daban, ba za a haɗa lissafinsa ba sai an san girman kowane mudu.

Tallafin waɗanda ba su sani ba

Babban giɓin yana ga ma'aunin tallafi, kuma a nan wannan takarda ta fi son a tsaya. An juya MSPSS zuwa Hausa, an gwada shi a Kano a kan masu shanyewar ɓarin jiki, aka buga sakamakon a 2015. Aiki ne mai kyau, amma shanyewar jiki ciwo ne da kowa ke gani, dangi su zo dubiya da ƙwaryar fura. Cuta mai karya garkuwa a ƙasar Gumel ciwo ne da ba a zuwa wa dubiya, domin ba a san da shi ba.

A ɗauki matar aure a gidan gandu, da kishiya da uwar miji da facaloli. Aka tambaye ta ko danginta suna taimakonta, ta ce sosai. Ko tana da ƙawayen da za ta dogara da su, ta ce akwai, suna adashi tare, ranar sunanta sun yi mata gudunmawa. Makinta ya yi sama, mai bincike ya rubuta cewa tana da tallafi mai ƙarfi. Alhali duk cikinsu babu wanda ya sani. Ta zazzage ƙwayoyin daga robarsu ta ƙulle a leda, ta tura ƙarƙashin jeren kwanukanta, saboda ƙarar roba tana tona asiri. Daren da baƙuwa ta kwana a ɗakinta, ba ta sha ba. Tallafin da aka auna gaskiya ne, amma a ranta ta yi imani ranar da aka sani ranar zai ƙare, don haka kowane alheri da aka yi mata yana zuwa da fargaba. Ma'aunin ya ƙirga alherin, bai ƙirga fargabar ba.

Ma'aunin Berger ya fi kusa da gane wannan, tunda yana da sashe a kan tsoron bayyanawa. Sai dai wani babban sashensa yana tambaya ne a kan abin da mutane suka yi bayan sun sani, wanda bai faɗa wa kowa ba kuwa ba shi da abin faɗa. Sai rahoto ya fito cewa tsangwama ba ta da yawa a yankin, alhali tsananinta ne ya rufe bakin kowa.

Kathryn Rhine, masaniyar halayyar al'umma da ta yi shekaru tana bincike a Kano, ta buga littafinta The Unseen Things a 2016 a kan mata masu ɗauke da cutar a Arewa. Abin da ta nuna shi ne matan suna aiki tuƙuru wajen rufa wa kansu asiri, da sutura da kwalliya da kyautata mu'amala, domin su tsare mutunci da aure, kuma da yawa suna zuwa ƙungiyoyin masu cutar ne da fatan samun miji mai irin lalurarsu. Darasin da ke ciki ga mai awo shi ne kada ya ɗauki ɓoyewa a matsayin alamar ciwo kawai. Sau da yawa hikima ce, ita ke riƙe wa mace ɗakinta da 'ya'yanta. Abin aunawa shi ne tsadarta: me take ci wa mai ita a kuɗi, a barci, a zumunci.

Tsadar kuwa tana ƙirguwa. Mutum nawa ne suka sani, kuma shi ya zaɓi ya faɗa musu ko ji suka yi? Asibiti nawa yake wucewa kafin ya isa inda yake karɓar magani? Mutumin Gagarawa da ya ƙetare asibitin kusa da shi ya bi ta Gujungu ya tafi Kano, don kada ɗan acaɓan unguwarsu ya gan shi a layi, kuɗin motarsa awo ne na tsoro wanda ya fi kowace amsa ta "na yarda ƙwarai" gaskiya. Sau nawa a wata ya tsallake ƙwaya don akwai ido a ɗaki? Ya daina zuwa majalisa? Ta daina kitso a gidan da ta saba? Irin waɗannan tambayoyi ba sa neman mutum ya yi ƙorafi a kan ƙaddara, abin da ya faru kawai suke nema.

Sai aure. A 2008 hukumar yaƙi da cutar ta jihar Bauchi ta yi suna da haɗa aure tsakanin masu ɗauke da ƙwayar. Auren zawarawa da Hisbah ta fara a Kano a 2012 ya zo da gwajin jini, a 2024 kuma Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwaji kafin aure a jihar. Gwajin yana kare rayuka, wannan ba abin musu ba ne. Amma a ƙaramin gari, auren da aka fasa bayan an kai lefe ba ya bukatar mai fassara. Budurwar da aka haifa da ƙwayar, ta girma a kan magani lafiya ƙalau, ko bazawarar da ta gama takaba manema suka fara sallama, babu abin da ke hana su barci kamar ranar da takardar gwaji za ta shiga hannun waliyyi. Ma'aunin da bai tambayi wannan ba ya bar abin da ya fi cin ransu a waje.

Tawakkali da fid da rai

Addini yana tsakiyar lamarin, kuma masu awo sukan yi masa tambaya ɗaya su wuce. Kenneth Pargament da abokansa sun nuna tun 1998 cewa jingina ga addini iri biyu ce: wadda mutum ke ganin jarrabawa ce kuma Allah yana tare da shi, da wadda yake ganin azaba ce kuma an yi fushi da shi. Ta farko tana tafiya da natsuwa, ta biyu da ƙunci. A bakin Bahaushe duka biyun suna iya fitowa da lafazi ɗaya, "haka Allah ya so". Mai cewa haka yana haɗiye ƙwayarsa da bismillah kowane dare daban yake da mai cewa haka ya bar zuwa asibiti. Aikin ma'auni ne ya raba su, ta hanyar tambayar abin da ya biyo bayan lafazin.

Binciken da Abdulrazaq Habib da abokansa suka yi a Kano, aka buga a 2009, ya samu masu azumin Ramadan sun ci gaba da shan maganinsu kusan daidai da marasa azumi, lokacin sha kawai suka matsar zuwa sahur da buɗa-baki. Wannan shaida ce daga gida cewa ibada da magani suna zama inuwa ɗaya idan an bar mutane su tsara abinsu.

Abin da aka yi a Harare da Gulu

Akwai waɗanda suka riga suka bi hanyar. A Zimbabuwe, Vikram Patel da abokansa sun tattara kalmomin da marasa lafiya da masu maganin gargajiya ke faɗa da harshen Shona, suka fitar da ma'auni mai tambaya 14 a 1997, amsarsa i ko a'a. A kansa Dixon Chibanda ya gina shirin Friendship Bench, inda dattijai mata da aka horar suke zama da mai damuwa a kan benci a harabar asibiti. Gwajin da aka buga a mujallar JAMA a 2016, a asibitoci 24 na Harare, ya nuna bayan wata shida kusan kashi 14 ne na waɗanda suka zauna da dattijan ke da sauran alamun damuwa, a ɗaya rukunin kuwa kusan kashi 50. Da yawa daga cikinsu masu ɗauke da ƙwayar ne. A arewacin Yuganda, Etheldreda Nakimuli-Mpungu ta gwada zaman rukuni sau takwas, maza daban mata daban, a asibitoci 30 na Gulu da Kitgum da Pader, sakamakon da ya fito a 2020 ya nuna damuwa ta ragu ƙwarai.

Hanyar gina ma'aunin ce abin ɗauka. Zaman rukuni da benci a fili kuwa sai an yi hattara, domin a waɗancan wurare masu cutar suna da yawa. A Sule Tankarkar, tara mata takwas kowace Talata a ɗaki ɗaya sanarwa ce.

Ga yadda aikin zai kasance a ƙasar Gumel. A fara da sauraro: a tambayi masu shan magani, da ungozomomi da malamai da ma'aikatan lafiya, yadda ake gane wanda wannan lalura ta dame shi da wanda ya samu dangana. A yi tambayar a kan "wani", kada a ce "kai", saboda mutum ya fi sakin baki a kan maƙwabcin da babu shi. Abin da ya yi ta maimaituwa shi zai zama tambayoyi, goma zuwa goma sha biyar, waɗanda za a iya yi da baki cikin minti goma. Maimakon matakai biyar na yarda da rashin yarda, a ajiye tsakuwa biyar a gaban mutum ya ware gwargwadon nauyin abin a ransa. Bayan kowace tambaya a gwajin farko, a ce ya maimaita ta da kalmominsa, a ji abin da ya fahimta. Sannan likitan ƙwaƙwalwa ya gana da wani kaso na mutanen ba tare da ya ga makinsu ba, a gwada hukuncinsa da na ma'aunin, daga nan a yanke inda layin haɗari zai tsaya. Malaman Hausa na Kwalejin Ilimi ta Gumel da likitocin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano suna da abin da aikin ke bukata idan aka haɗa su. Kada kuma a manta da Fulanin rugage, waɗanda za su amsa da Hausa amma damuwarsu da Fulatanci take zuwa.

Masu bincike sukan kafa hujja da alƙalamin Cronbach, su ce ya haura 0.7 don haka ma'auni ya inganta. Abin da alƙalamin ke nunawa shi ne tambayoyin suna tafiya tare. Idan kowa ya amsa duka da "sai godiya", zai yi sama ƙwarai. Haka nan binciken da aka yi sau ɗaya ba ya nuna wanne ya haifi wanne tsakanin talauci da damuwa da barin magani. A bi mutum ɗaya da bazara, da tsakiyar damina, da kaka bayan an sayar da riɗi, sai a ga abin da yunwa ta kawo da abin da ya zauna daram ko rumbu ya cika.

Wa zai tambaya, kuma me zai biyo baya

Kusan duk binciken da ake yi a asibiti yana auna waɗanda suka zo ne. Wanda damuwa ta fi ci shi ne wanda kati ya nuna rabonsa da zuwa wata tara, ko ya tafi cin rani bai dawo ba. Rahoton da ya ce yawancin masu karɓar magani suna cikin walwala ya faɗi gaskiya a kan masu layi kawai. Neman sauran wajibi ne, amma mota mai tambarin ƙungiya a ƙofar gida tana iya rusa abin da mace ta shekara tana karewa. Tun ranar buɗe kati ya kamata a tambayi mutum ta wace hanya ya yarda a neme shi, da wace lamba, da sunan wa za a yi sallama.

Binciken tsangwama na Stigma Index, wanda aka fara a 2008 kuma ƙungiyar masu ɗauke da cutar ta NEPWHAN ta gudanar da sabon zagayensa a Nijeriya a 2021, masu ɗauke da ƙwayar ne ke yi wa 'yan uwansu tambayoyi. Binciken MoMent da Nadia Sam-Agudu ta jagoranta a karkarar Nasarawa da Abuja ya nuna uwaye masu cutar da aka horar, ake kuma duba aikinsu, sun taimaka wa masu jego su tsaya a kan magani. Ga matar da ba ta taɓa ganin irinta ba, jin mai tambaya ta ce "Yaya, ni ma shekarata takwas ina sha, ga 'ya'yana" yana iya fin duk abin da ke cikin takardar amfani. Mace ta tambayi mace, namiji ya tambayi namiji, musamman tunda WHOQOL yana taɓo kwanciyar aure. A kuma bar wa mutum zaɓi tsakanin ɗan garinsu da baƙo daga wata ƙaramar hukuma, domin wani ya fi amincewa da wanda ba zai sake haɗuwa da shi a kasuwa ba.

Doka tana nan a rubuce. Akwai ta hana nuna wariya ga masu cutar ta 2014, akwai ta lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Kuɗi ne ke tangal-tangal. Dakatar da tallafin ƙetare da gwamnatin Amurka ta yi a Janairun 2025 ya girgiza shirin PEPFAR, wanda ya daɗe yana ɗauke da kaso mai yawa na maganin Nijeriya. Idan kuɗi ya ja baya, ƙwaya ake fara karewa, masu ba da shawara da masu bin sawu su ne a bakin ƙofa. Wannan ya sa ma'aunin ya zama gajere, wanda ma'aikacin lafiya na matakin farko zai iya yi yana miƙa magani, makin kuma ya samu gurbi a kati kusa da sakamakon jini, inda mai duba aiki zai gan shi kowane zuwa.

Tambaya ta tara a PHQ-9 tana neman sanin ko mutum yana ganin gara ya mutu, ko yana tunanin cutar da kansa. Duk ma'aunin da za a gina a nan sai ya ɗauki irinta, da lafazin da Musulmi zai iya amsawa ba tare da ya ji ya yi saɓo ba, kamar a tambaye shi ko yakan ji ya gaji da duniya har ya yi fatan ya kwanta kada ya tashi. Wasu za su ce i. Asibitin ƙwaƙwalwa na jihar yana Kazaure, ba kusa ba ne daga Gagarawa, likitocin fannin kuma 'yan ɗaruruwa ne a ƙasa mai mutum sama da miliyan 200. Tsarin mhGAP da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2008 an yi shi ne domin irin wannan wuri, yana koya wa ma'aikacin ƙaramin asibiti gane damuwa, da fara kula da ita, da sanin wanda za a tura gaba. Saboda haka wannan takarda tana roƙon kwamitocin da ke ba da izinin bincike a Dutse da Kano su sa sharaɗi: kada a buɗe takardar tambayoyi a ƙasar Gumel sai an rubuta sunan ma'aikacin da aka horar wanda zai zauna da mai amsa i a ranar, kafin ya bar harabar asibiti, an kuma ware kuɗin motar Kazaure, zuwa da dawowa, na mutum biyu, a cikin kasafin binciken.